EPUB, PDF ko Kindle: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin Sayen Na'urar Karanta Littafi

Yawancin masu niyyar sayen na'urar karanta littattafan lantarki suna fara bincikensu ne daga na'urar kanta, wato girman allonta, daɗewar batirinta da sunan kamfanin da ya ƙera ta. A ganina, wannan tambaya ce da ya kamata ta zo daga baya. Abin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne irin fayilolin da mutum yake karantawa da kuma inda yake samo su, domin na'urar da ta fi kowace daɗi wajen karanta ƙagaggen labari tana iya zama wahala tsantsa ga ɗalibin da littattafansa duka hotunan shafuka ne cike da jadawali da lissafi, kuma littafin da aka saya da kuɗi a wani kanti yana iya ƙin buɗewa a na'urar wani kamfani ko da na'urar ta fi tsada.

Tsare-tsaren fayil suna da yawa, amma kusan dukkansu gida biyu suka kasu. A gida na farko rubutu ba shi da tsayayyen shafi: idan mai karatu ya ƙara girman haruffa, layuka sukan sake jeruwa su cika allon da ke gabansa, yawan shafuka kuma ya ƙaru ko ya ragu. A gida na biyu an riga an tsara shafin an gama, kowace kalma da kowane zane suna da mazauninsu, kuma abin da na'ura za ta iya yi kawai shi ne ta ƙara girman shafin gaba ɗaya ko ta rage shi. EPUB shi ne babban wakilin gida na farko, PDF kuma na biyu.

EPUB ya fito a shekarar 2007 daga wata ƙungiyar kamfanonin ɗab'i da na fasaha mai suna IDPF, aka sabunta shi zuwa EPUB 3 a 2011, sannan a 2017 ƙungiyar ta haɗe da W3C, wadda ke kula da ƙa'idojin shafukan intanet. Wannan haɗewar ba ta zo da mamaki ba, domin idan aka buɗe cikin fayil na EPUB za a tarar da shafukan intanet ne aka tattara aka dunƙule wuri guda, tare da hotunansu da umarnin yadda za a ƙawata su. Daga nan ne ƙarfinsa ya samo asali. Mai raunin gani yana iya ƙara girman rubutu yadda yake so ba tare da ya riƙa jan shafi hagu da dama ba, ana iya sauya salon haruffa da tazarar layi, ana iya neman kalma a duk littafin, ana iya taɓa kalma ƙamus ya bayyana, manhajar da ke karanta rubutu da murya kuma tana bin jimloli a jere ba tare da ta ɓace ba. Fayil ɗin ma ba shi da nauyi: littafin labari wanda babu hotuna a ciki sau da yawa bai kai megabait guda ba. Tsarin na kowa ne, ba mallakar kamfani ɗaya ba, shi ya sa na'urorin karatu na Kobo da PocketBook da Nook da manhajojin Apple Books da Google Play Books duk suke buɗe shi.

Inda EPUB yake gazawa shi ne duk wurin da ma'ana ta dogara ga matsayin abu a shafi. Babban jadawali mai ginshiƙai takwas yakan matse har ya daina karantuwa, ko gefensa ya yanke. Taswira da bayaninta suna iya rabuwa zuwa shafuka daban. Waƙa mai dogayen baitoci takan karye a inda marubucinta bai nufa ba. Bisa ƙa'ida, EPUB 3 yana da hanyar rubuta alamomin lissafi da haɗa sauti da bidiyo, amma abin da ƙa'ida ta halatta daban, abin da kowace na'ura take iya nunawa daban, kuma yawancin ƙananan na'urorin karatu wani ɓangare kaɗai suke ɗauka. Akwai kuma matsalar lambar shafi, wadda ke damun mai bincike da malami fiye da kowa: shafi na 40 a wurin wanda ya zaɓi ƙananan haruffa ba shi ne shafi na 40 a wurin wanda ya zaɓi manya ba. Kamfanin ɗab'i yana iya saka lambobin shafin bugun takarda a cikin fayil ɗin, wasu suna yi, da yawa kuma ba sa damuwa.

PDF ya girmi EPUB sosai. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, ya kuma zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2008. Manufarsa tun farko ita ce takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar bugu, kuma wannan aikin yana yin sa ba tare da kuskure ba. Littafin darasi, maƙalar ilimi mai ginshiƙi biyu, takardar doka, zanen injiniya, duk suna zama yadda aka tsara su, lambar shafi kuma ba ta motsi. Matsalar tana bayyana ne idan aka auna. Takardar A4 tana da faɗin santimita 21 da tsawon kusan 30, allon ƙaramar na'urar karatu mai inci 6 kuwa faɗinsa kusan santimita 9 ne, tsawonsa kusan 12. Ke nan shafin zai ragu zuwa ƙasa da rabin faɗinsa, rubutun da yake daidai a takarda ya koma wanda sai an ƙura ido. Ana iya juya na'urar a kwance a karanta rabin shafi, ko a yanke fararen gefuna, amma wanda zai yi haka a littafi mai shafi ɗari biyar zai gaji kafin ya kai tsakiya.

Ya kamata kuma a bambance PDF iri biyu, domin sunansu ɗaya amma halinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka fitar kai tsaye daga kwamfuta, wanda haruffansa na gaske ne, ana iya nemansu a kwafe su. Akwai kuma wanda aka ɗauki hoton shafukan littafin takarda aka haɗa, wanda a wurin na'ura hotuna ne kawai, babu kalma ko ɗaya a ciki. Irin na biyun yana da nauyi, yana iya kaiwa megabait ɗari ko fiye, yana jinkirin buɗewa a na'ura mai ƙaramin ƙarfi, ƙamus ba ya aiki a kansa, manhajar murya kuma ba ta ganin komai sai idan an bi shi da manhajar da ke gane haruffa daga hoto. Tsofaffin littattafai da yawa da ke yawo a intanet irin wannan ne, don haka wanda ya san su ne abincin karatunsa na yau da kullum, girman allo ya fi masa komai muhimmanci.

Sai kuma gidan Amazon, wanda ya bi hanyarsa shi kaɗai. A 2005 kamfanin ya sayi Mobipocket, wani kamfanin Faransa mai tsarin MOBI, kuma a kan wannan tsarin aka gina fayilolin na'urarsa ta karatu, wato Kindle ta farko da ta fito a 2007. Daga baya aka kawo AZW3 a 2011, sannan KFX a 2015, kowanne da ingantaccen tsarin rubutu fiye da na baya. Ga mai karatu, waɗannan ba su da wani bambanci mai yawa da EPUB: rubutu yana sake jeruwa, ana sauya haruffa, ƙamus yana aiki. Bambancin yana wurin wanda yake iya buɗe su. Kindle ba ta buɗe EPUB idan aka zuba mata shi ta kebul. Tun 2022 Amazon yana karɓar EPUB ta hanyar aikawa da ake kira Send to Kindle, amma abin da ke faruwa shi ne ana juya fayil ɗin zuwa tsarin Amazon kafin ya iso na'urar, hakan kuma yana buƙatar intanet da asusu, kuma sai fayil ɗin da ba a kulle ba. MOBI kuwa ya tsufa, har Amazon ya daina karɓarsa ta wannan hanyar, don haka babu dalilin ajiye sabon littafi a cikinsa.

Sauran tsare-tsaren ba sa buƙatar dogon bayani. TXT rubutu ne tsura, babu ado babu hoto, yana buɗewa a ko'ina, kuma da shi Project Gutenberg ya fara aikin tattara littattafai kyauta a 1971. CBZ da CBR hotunan shafuka ne da aka jera don littattafan zane. DjVu an yi shi ne don matse hotunan shafukan littafi su yi sauƙi, amma na'urori kaɗan ne suke buɗe shi da kansu, PocketBook na cikinsu.

Mutane da yawa sukan ce ai duk wannan ba matsala ba ce tunda ana juya fayil daga wani tsari zuwa wani. Gaskiya ne, amma da iyaka. Manhajar Calibre, wadda kyauta ce kuma tana nan tun 2006, tana juya EPUB zuwa AZW3 ko akasin haka kusan ba tare da asara ba, domin asalin ginin biyun iri ɗaya ne. Juya PDF zuwa EPUB kuwa wani labari ne daban. PDF yawanci bai san mene ne sakin layi ba, abin da ya sani shi ne wane harafi yake zaune a wane gurbi, shi ya sa bayan juyawa sai a ga lambar shafi ta faɗo tsakiyar jimla, kan shafi yana maimaituwa, kalmomin da aka raba a ƙarshen layi sun zauna a rabe, ginshiƙai biyu kuma sun cakuɗe. Wanda ya sayi ƙaramar na'ura da niyyar juya dukkan fayilolinsa na PDF ya ɗora lissafinsa a kan abin da ba ya yiwuwa da kyau.

Abin da ya fi tsarin fayil tasiri, kuma aka fi mantawa da shi a lokacin saye, shi ne kullen da kantuna suke sa wa littattafai don hana kwafa, wanda ake kira DRM. Fayiloli biyu suna iya zama EPUB duka, ɗaya ya buɗe a ko'ina, ɗaya ya ƙi. Littafi mai kulle da aka saya a kantin Kindle yana buɗewa ne a na'urar Kindle ko a manhajar Kindle ta waya da kwamfuta kawai. Wanda aka saya a Apple Books da kulle yana zama a cikin na'urorin Apple. Kullen Adobe ya ɗan fi sassauci, domin Kobo da PocketBook da wasu manhajoji suna karɓarsa, amma shi ma yana buƙatar a yi wa na'ura rajista. A zahiri, mai sayen littafi mai kulle izinin karatu ya saya, kuma izinin yana rataye ne da wanzuwar kantin. Lokacin da Microsoft ya rufe kantin littattafansa a 2019, littattafan da mutane suka saya sun daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗinsu. Sony, wanda ya riga kowa fito da na'urar karatu mai allon tawadar lantarki (allo mai kama da takarda) a 2004, ya bar kasuwar a 2014 ya miƙa abokan cinikinsa ga Kobo. A watan Fabrairun 2025 Amazon ya cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta don a zuba shi a Kindle ta kebul. Ba na cewa kada a sayi littafi mai kulle, domin kantin Kindle yana da yalwar littattafai kuma saye a cikinsa yana da sauƙi ƙwarai, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: duk littafin da aka ƙara a asusu yana ƙara wahalar komawa wani kamfani nan gaba. Wasu kamfanonin ɗab'i suna sayarwa ba kulle, wasu kuma sunan mai saye kawai suke sakawa a cikin fayil, kuma irin waɗannan ne mutum yake iya ajiyewa a rumbunsa ya karanta a duk na'urar da ya ga dama. Calibre da kanta ba ta cire kulle, dokar cire shi kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Aro daga ɗakin karatu ma yana bin wannan layin. Ɗakunan karatu da yawa suna ba da aron littafin lantarki ta hanyar OverDrive da manhajarta Libby, Kobo kuma tana da wannan hanyar a cikinta a ƙasashen da ake yin hidimar, alhali aikawa da littafin aro zuwa Kindle a Amurka kaɗai yake aiki.

To, ita na'urar fa? Allon tawadar lantarki, wanda kamfanin E Ink yake ƙera kusan dukkansa, yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe waɗanda lantarki ke turawa sama ko ƙasa, kuma da zarar sun zauna ba sa buƙatar wuta don su ci gaba da nuna shafin. Wuta tana ƙarewa ne a lokacin juya shafi da kunna fitila, shi ya sa caji ɗaya yake kai makonni. Sai dai a lura cewa kamfanoni sukan yi wannan lissafin ne a kan karatun rabin awa a rana tare da kashe intanet, don haka mai karatun awa uku kullum ya rage tsammaninsa. Allon yana ƙara fitowa ne a hasken rana, inda na waya yake dushewa. Fitilar da ake sakawa a irin waɗannan na'urori tana gefen allo ne tana watsa haske a kan rubutu, ba daga baya take haskowa cikin ido ba, kuma sababbi suna barin a mayar da hasken ruwan ɗorawa da dare. Kaifin rubutu ya kai ɗigo 300 a kowane inci a yawancin na'urorin yanzu, wanda ya yi kusa da bugun takarda.

Kuɗin da ake biya a madadin wannan shi ne jinkiri. Ƙwayoyin suna ɗaukar lokaci kafin su motsa, don haka jan shafi da ƙara girman hoto suna tafiya da tangarɗa, inuwar shafin baya takan rage har sai allon ya yi baƙi ya wanke kansa, bidiyo kuwa ba aikinsa ba ne. Matakan launin toka 16 kaɗai yake nunawa. Allon mai launi, irin na Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft da suka fito a 2024, an yi shi ne ta hanyar shimfiɗa matatar launi a kan baƙi da fari, sakamakon haka launukan ba su da ƙarfi, kaifin ɓangaren launi ya sauka zuwa ɗigo 150, farin shafin kuma ya ɗan yi duhu har sai an ƙara fitila. Ga mai son ja wa jimla layi da launuka daban ko duba jadawali mai launi, yana da amfani. Ga mai karanta rubutu zalla, baƙi da fari ya fi kyau. Ga littafin zane-zane, hotunan likitanci ko taswira, kwamfutar hannu irin su iPad ta fi su duka nesa ba kusa ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin waɗannan allunan suna zaune ne a kan siririn gilashi, kuma matsi a cikin jaka yana iya fasa shi daga ciki ba tare da an ga tsaga a waje ba, gyara kuma sau da yawa bai fi sayen sabuwa sauƙi ba.

Idan aka haɗa girman allo da irin fayil, zaɓin yakan fito da kansa. Inci 6 zuwa 7 ya ishi mai karanta labari, tarihi da duk littafin da yake rubutu ne a jere, yana shiga aljihu, hannu ɗaya yana riƙe shi, da yawa kuma ba sa jin ruwa. A nan tambayar ita ce kanti: wanda zai riƙa saye daga Amazon ya ɗauki Kindle, wanda yake da tarin EPUB daga wurare daban-daban ya ɗauki Kobo ko PocketBook. Inci 10, kamar Kindle Scribe da Kobo Elipsa da reMarkable, ya yi kusa da rabin takardar A4, yana nuna yawancin littattafan PDF yadda za su karantu, kuma yana zuwa da alƙalamin rubutu. Inci 13 shi ne yake nuna A4 kusan yadda take, amma yana da tsada kuma ba a ɗaukarsa a hannu ɗaya. Na'urorin Onyx Boox suna aiki da Android, don haka ana iya saka manhajar Kindle da ta Kobo da Libby duka a na'ura guda, wannan kuwa yana rage matsalar kulle sosai, sai dai batirinsu na kwanaki ne maimakon makonni, saitinsu yana da yawa, kuma manhajojin da ba a yi su don irin wannan allon ba sukan yi nauyi.

Waya kuma ba abin rainawa ba ce. Tana buɗe kowane tsari idan aka saka manhajar da ta dace, tana da sauri, tana hannu koyaushe, kuma wajen karanta rubutu da murya ga makafi da masu raunin gani, waya da kwamfutar hannu sun fi na'urorin tawadar lantarki cika. Rauninta shi ne ƙaramin allo ga PDF, cin batir, dushewa a rana, da saƙonnin da ba sa barin mutum ya gama babi. Wanda yake karanta littafi biyu ko uku a shekara ba shi da hujjar sayen wata na'ura.

Masu yin rubutu a gefen littafi su lura da wani abu. A PDF, alamomi da sharhi suna iya shiga cikin fayil ɗin kansa su bi shi duk inda aka kai shi, idan manhajar tana adanawa ta wannan hanyar. A EPUB da fayilolin Kindle kuwa, na'ura ko asusu ne yake riƙe da su, don haka idan aka kwafe littafin zuwa na'urar wani kamfani, zai isa babu ko alama ɗaya. Ana iya fitar da su a matsayin rubutu daban, amma wasu kamfanonin ɗab'i suna ƙayyade yawan abin da za a iya fitarwa daga littafi mai kulle.

Akwai kuma batun haruffa. Salon haruffan da ke zuwa da na'ura ba lallai ne ya ƙunshi kowane harafi ba, kuma idan babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa, sai na'urar ta aro su daga wani salo su fito daban da maƙwabtansu, ko a ga akwati a gurbinsu. PDF yawanci yana ɗauke da haruffansa a ciki, don haka ba ya fuskantar wannan. EPUB ma yana iya ɗauka idan wanda ya haɗa shi ya saka, Kindle da Kobo kuma duk suna barin mai na'ura ya ƙara nasa salon ta kebul. Rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci, ya fi wannan wuya, domin haruffa suna haɗewa kuma wasula suna hawa sama da ƙasa, ingancin nunawar kuma ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura ko da ƙa'idar EPUB 3 ta tanadi hakan. Mai karanta irin waɗannan littattafan ya nemi wanda yake da na'urar da yake so, ya zuba mata fayilolinsa guda biyu ko uku waɗanda suka fi wuya, ɗaya mai jadawali, ɗaya mai hoton shafuka, ɗaya mai haruffa na musamman, ya karanta shafuka kaɗan daga kowanne kafin ya biya kuɗi.